Motar Baba ta maƙale a gareji, gida kuma ya ɗau zafi

Wasiƙar wannan makon daga Agege ta fito. Na rage mata tsawo, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar albasa a Mile 12, ina zaune da iyalina a Agege. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, direba ne, ya yi shekara da shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Zariya da Kano da Peugeot 504 wagon. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya sa mu makaranta. Tun da ya rasu, shekara 9 ke nan, motar tana kafe a ƙarƙashin rumfa a gidanmu na Zariya. Bara na ɗoro ta a babbar mota na kawo ta Legas, ba don haya ba, sha'awa ce kawai, ina son in ga ta dawo yadda na san ta. Yau watanta 10 a gareji. Na kashe sama da naira miliyan 2, an yi mata fenti tana ƙyalli, amma har yanzu ba ta tashi ba. Bakanike ya ce a cire injinta a sa na Toyota. Abokai sun ce in sa mata manyan rim, a sauke ta ƙasa, a yi mata baƙin gilas. Uwargida na gaya mata rabin abin da na kashe, sai ta tsinci rasit a aljihuna, yanzu tsakaninmu daga gaisuwa sai gaisuwa. Ga ƙanwata kuma ta bugo waya tana tambaya wai yaushe aka raba gadon motar. Kawu, in ci gaba ne, ko in kira 'yan gwangwan su auna ta in huta?"

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa.

Kada ka kira 'yan gwangwan. Na sa wannan a gaba ne don ka samu natsuwar karanta sauran, domin sauran akwai ɗaci a ciki.

Ciwon da ya kama ka na san shi, ni ma ya taɓa kwantar da ni. Duk wanda ya yi tafiya a Arewa kafin Sharon da Golf su cika tasha ya san wagon ɗin nan kamar ɗakin uwarsa: kujeru layi uku, na can baya gwiwa a haɓa, an ɗaure kaya da igiya har but ba ya rufuwa, direba ya ɗora hannu a taga yana tauna goro. A 1968 kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa, wagon ta biyo baya a farkon shekarun 1970. Masana'antar Peugeot ta Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, kuma ba ta daina haɗa 504 ba sai wajen 2006, bayan Turawan da suka ƙirƙiro ta sun yi sallama da ita da shekara sama da 20. Shi ya sa Fijo, yadda bakinmu ya mayar da sunan, ta tashi daga baƙuwa ta koma 'yar gida. Wanda ya ce zai raya irinta don tuna ubansa bai yi hauka ba.

Inda ka kuskure shi ne ka fara gini daga rufi. Fenti shi ne aikin ƙarshe a jikin tsohuwar mota, kai kuma da shi ka buɗe. Da na sake karanta wasiƙarka sai na ga ba a jikin motar kaɗai ka yi haka ba.

Tambayar ƙanwarka ta fi komai nauyi a wasiƙar nan, amma ka ajiye ta can ƙasa kamar ƙarin gyaɗa. Ɗana, har yanzu motar nan ba taka ba ce. Dukiyar magada ce. Idan mahaifiyarku tana raye tana da tumuninta a ciki, ita da abokiyar zamanta idan akwai, saura kuma na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Shirun da 'yan'uwanka suka yi shekara 9 ba kyauta ba ce. Sun yi shiru ne don babu wanda ke kallon motar da kaji ke ƙwai a cikinta. Ranar da hotonta ya shiga WhatsApp na dangi tana sheƙi, ranar kowa zai tuna yana da haƙƙi, kuma ba laifinsu ba ne, da gaske suna da shi.

Ga inda tarkon yake. Kullum ka ƙara naira a jikinta kana ƙara ta ne a kan abin da kuka yi tarayya a kai. In aka bari sai ta gama haɗuwa sannan a zauna rabo, wani zai ce a yi mata kuɗi yadda take yanzu, kai ka ce a'a, guminka ne, shi ke nan an buɗe ƙofar gaba. Ka tsayar da aikin yau. Ka shirya ka je Zariya, kada ka yi wannan magana ta waya. A samo malamin da ya san rabon gado, a samo mutum biyu da suka san kasuwar tsofaffin motoci, su yi mata kuɗi a kan halin da take ciki ranar da ta bar gida. Na tabbata akwai hotunan ranar da aka ɗora ta a wayarka, 'yan zamanin nan ba ku yin komai ba hoto. Ka biya kowa rabonsa. Wanda ya ce ya yafe maka, ya faɗa a gaban shaidu, a rubuta, kowa ya sa hannu. Takardar nan za ta sake yi maka amfani a nan Legas, domin takardun motar sunan marigayi suke ɗauke da shi, kuma ba za ka mayar da su sunanka da fatar baki ba.

Sannan kada ka kuskura ka ce wa ƙanwarka "nawa ne ma kuɗin". Mai yiwuwa rabonta bai kai kuɗin atamfa uku ba, kuma ta fi ka sanin haka. Ita ma ubanta ne. Ita ma ta zauna a kujerar baya ranar Sallah ana zuwa gaida kakanni. Aka wayi gari an kwashe motar an yi Kudu da ita ba wanda ya ce mata ci kanki. Ka fara da ba ta haƙuri a kan wannan kafin ka ambaci lissafi.

To, mu zo kan ƙarfe.

504 ba ta da shasi daban irin na babbar mota ko Hilux. Bodin nata shi ne ƙashin bayanta, a jikinsa aka ɗaure injin da sifirin da komai. Idan tsatsa ta cinye ƙasanta, to fentin sama kwalliya ce a kan gawa. Kuma akwai abin da yawancin mutanenmu ba sa lura da shi: busasshiyar iskar Zariya ita ta yi maka gadin motar nan shekara 9. Legas ba ta da wannan kirkin. Iskar nan jiƙaƙƙiya ce, ga gishirin teku, ga ruwan Yuni da Yuli da ke kwana a titi. Wata 10 a filin gareji, gilas a cire, robobin ƙofa a zare, na iya yi mata ɓarnar da ba ta gani ba tun rasuwar mai ita.

Asabar mai zuwa ka je garejin da abu uku: tocila, sukundireba, da mayen ƙarfe, ko na tsohuwar lasifika ne. Ka nannaɗe mayen ƙarfen da ƙyalle don kada ya karce fenti, ka bi jikin motar da shi a hankali, musamman ƙasan ƙofofi, bakin tayoyi da leɓen ƙofar but. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya sulale ya faɗi, bodi fila aka cusa aka shafe, kuma ƙarƙashin filar nan rami ne ko tsatsa. Daga nan ka ɗaga kafet, ka soki wurin da direba ke ajiye ƙafa da sukundireba. Ka buɗe bonet ka duba inda kan shokozoba na gaba ya zauna, hagu da dama, da mazaunin batir, domin ruwan batir na cin wurin. Ka sa a hau da ita kan rami, ka shiga da kanka, kada ka aika yaro. Ka haska dogon ƙarfen da ke bin ƙarƙashin ƙofofi, da wurin da sifirin na baya suke zaune. Wagon ta fi salun tsawo, aksil ɗinta na baya guda ne miƙaƙƙe, da sifirin biyu-biyu kowane gefe, don ɗaukar kaya aka yi ta, kuma mahaifinka bai raga mata ba, babu direban tasha da ke ragawa.

Idan sukundireba ta shige kamar cikin biredi a wuri ɗaya ko biyu, ba abin kuka ba ne. Mai walda zai yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon ƙarfe, a shafa maganin tsatsa ciki da waje. Sai dai ka shirya ranka, sabon fentin nan zai ƙone a wasu wuraren, kuɗinsa ya tafi. Idan kuwa ƙasan duk ya zama rariya har mazaunin shokozoba, a nan ne kaɗai zan ce ka sake tunani, ka nemo wani bodin mai lafiya daga Arewa, a kwashe na motar Baba a zuba a ciki. Ban zaci za a kai nan ba, motar rumfa ce.

Batun injin Toyota kuwa, ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Motar da ta yi shekara 9 a tsaye ta ƙi tashi, ai ba labari ba ne. Fetur ɗin da ya kwana a tanki ya zama kamar ƙaro, ya toshe bututu da kafireto, wato abin da ke gauraya fetur da iska ya shayar da injin. Robar cikin famfon mai ta bushe. Kwantak, ɗan makunnin da ke sa wuta ta je fulogi, ya yi tsatsa, wayoyin fulogi sun tsage, wataƙila ɓeraye sun yi walima da sauran. Duk wannan ƙananan abubuwa ne. Injin fetur abu uku yake nema, wuta da mai da matsi. Ka tambayi bakanikenka: ya cire fulogai ya zuba ɗan baƙin mai a ramukan, ya juya injin da sifana ya ga yana juyawa? Ya sa ma'auni ya gwada matsin kowace silinda? Nawa-nawa ya samu? In ya fara sosa ƙeya, ka san bai yanke hukunci a kan ilimi ba.

Ba na ce mugu ba ne. Yawancin yaran da ke gareji yanzu a kan Corolla da Camry suka koyi aiki, sun saba a jona na'ura ta faɗa musu ciwon. Kafireto kuwa da kunne ake saita shi. Mutum ya ga abin da bai iya ba, sai ya ce a cire a sa wanda ya iya. Kai kuma ka biya.

Injin 504, irin mai lita 2 da ya fi yawa a tasha, silinda huɗu ne, kuma an yi shi ne don a riƙa sabunta shi. Silib ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, zare shi ake yi a sa sabo. A canza silib da fistin da ringi da metal, a duba top silinda, wato murfin saman injin, injin ya koma ango. Da haka direbobi irin mahaifinka suka riƙa mayar da mota ɗaya sabuwa sau uku sau huɗu. Sannan zaman injin a cikin bonet ba irin na kowa ba ne, a kishingiɗe yake gefe guda, kuma furofela, sandar da ke kai ƙarfin injin ga tayoyin baya, tana tafiya ne a cikin wani bututu da ya haɗe giya da aksil na baya. Injin Corolla da Camry a gicciye yake zama, tayoyin gaba yake ja, ita kuwa wannan da baya take turawa. Kafin a aurar da su sai an yanka nan, an yi walda can, an ƙirƙiro mazauni, an jawo wayoyi da ƙwaƙwalwar injin. Ana yi, na ga waɗanda suka yi, wasu ma suna tafiya lafiya. Amma wancan aikin mai neman motar haya ne. Kai ka ce so kake ta dawo yadda ka san ta. Ranar da ka murza makulli ka ji muryar wata mota ta fito daga bonet ɗin Baba, za ka gane gyaran gangar Auzinawa aka yi maka. Idan ma an buɗe an tarar bulok ya tsage, injin wata 504 ko na 505 mai kafireto za ka nema, 'yan gida ɗaya ne.

Ka nemi tsohon hannu. Suna nan, sun dai yi furfura. Ka tambayi dattawan direbobi a tashoshin 'yan Arewa na Agege ko Ijora wa ke taɓa musu Fijo a da. In ba ka samu wanda ya kwanta maka ba, ka ɗauko ɗaya daga Kaduna ko Zariya, ka biya masa kuɗin mota da masauki na mako guda. Zai fi maka arha a kan wata 10 na "Oga gobe". Wa ya sani ma, ko wanda ya riƙa gyara wa mahaifinka ita yana raye.

Shawarar abokanka ba za ta ci mana lokaci ba. Tayar 504 noti huɗu gare ta, amma tazararsu milimita 140 ce, yawancin rim ɗin da ke jibge a kasuwar kayan mota ta Ladipo kuwa na 100 ne ko 114. Ba za su shiga ba sai an huda ko an yi musu ciko, ni kuma ba zan ɗora iyalina a kan tayar da aka yi wa dabara ba. Sauke ta ƙasa? Tsayinta daga ƙasa shi ne abin da ya sa ta ci hanyoyin Afirka, har ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975. A garin da ruwan awa biyu ke mayar da titi kogi, wanda ya ce ka sauke mota ba shi zai tura ta ba. Baƙin gilas kuma neman magana ne da 'yan sanda a kowane shinge.

Akwai canjin da nake goyon baya, irin wanda ido ba ya gani. Babban abokin gabar injin nan zafi ne, domin top silindarsa ta alminiyam ce, in ta tafasa sau biyu sai ta lanƙwashe, gasket ya ƙone. An yi motar don doguwar hanya mai iska, ba don tsayuwar awa biyu tsakanin Ketu da Ojota ba. Saboda haka a wanke lagireto ko a sake masa ciki, a ƙara fanka mai aiki da lantarki, a riƙa zuba ruwan lagireto na gaske, a bar na rijiya. A cire kwantak a sa na lantarki, ka huta da kankare shi a bakin titi. A sake wayoyin motar gaba ɗaya da fis a inda ya dace, kada a yi faci, wayar da ta shekara 30 ita ke tayar da gobara. Birki kuma a sabunta shi tun daga masta, wato famfon man birki, har robobin da ke kai mai ga tayoyi, faifai a gaba, ganga a baya. A sa bel a kujeru. Tayoyin da ta zo da su, ko zanensu bai goge ba, a jefar. Akwai lamba huɗu a gefen kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, ka duba kafin ka sayi wasu. Na'urar sanyaya ciki ta jira sai komai ya zauna. Ƙa'idata ɗaya ce a nan: abin da aka ɗaura da noti ana iya kwance shi gobe, abin da aka yanka da wuta ya tafi. Duk tsohon abin da aka cire, a zuba maka a buhu ka kai gida.

Wajen kayan gyara kana da gatan da wasu ba su da shi. Ladipo da Owode Onirin za ka samu wasu abubuwan, amma taskar Fijo tana Arewa, Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Kai kuwa kullum motocin albasa na sauke maka kaya daga can. Direba ɗaya mai amana ya ishe ka. Kayan injin ba su cika wuya ba. Masu wahalar su ne fitilun baya na wagon, gilashin but, robobin ƙofa, da 'yan ƙarafan ado, har da zakin gaba. In ka ji labarin wata matacciyar wagon da za a yanka, ka saye waɗannan kafin guduma ta hau kanta.

Bari in ba ka nawa labarin, don kada ka ce daga kan kujera nake magana. Na taɓa barin tawa salun a wani gareji a nan Legas, na yi tafiya gida, na dawo bayan wata huɗu. Na tarar da ita a can ƙurya an jingina mata tsofaffin ƙofofi, yaran gareji sun mayar da kujerar baya gado, ga kwanon garin rogo a kan dashbod. Mai garejin ya tashe ta, ta tashi, na yi murna na biya. Sai da na kai ta wurin wani dattijo saboda shan mai, ya buɗe bonet ya yi shiru, ya ce, "Alhaji, wannan ba kafiretonka ba ne." Nawa na asali, Solex, an cire an sa wa motar wani mai gaggawa, ni aka liƙa mini wani gajiyayye. Ban da hoto, ban da shaida, sai na haɗiye. Tun daga ranar na koyi cewa motar da mai ita ba ya zuwa dubawa, shagon kayan gyara ce.

Don haka ka ɗauki hoton komai, har lambar injin da ta bodi. Ka daina ba da kuɗi a dunƙule. A yanka aikin gunduwa-gunduwa, a yi ciniki a kan kowane, a gama ka gani ka biya, kayan kuma kai za ka sayo ko ka bi yaro kasuwa. Tsarin shi ne walda, sannan ƙafafu da birki, sannan injin da wayoyi, sannan kushin, fenti a ƙarshe. Kuma tun da ka ce sha'awa ce, ina sha'awar take in duk abin da kake yi tura kuɗi ta waya ne? Ka sa tsohuwar riga ranar da kasuwa ta yi sauƙi, ka je ka wanke noti da kananzir, ka riƙe wa bakanike tocila. In kana da ɗan da ya tasa, ka tafi da shi. Daɗin abin a nan yake, kuma ɓarawon kafireto ba ya son mai mota mai yawan zuwa.

Saura uwargida, kuma da gangan na bar ta sai yanzu, don in ka shiga wurinta ka shiga da tsari a hannu.

Ba motar take fushi da ita ba. Mata sun saba da shirgin maza, wani tattabaru, wani ƙwallo, wani siyasa. Abin da ya ƙona mata rai shi ne ta ji gaskiyar gidanta daga bakin aljihu. Tana wanki ta ci karo da rasit, ta tsaya tana lissafin ranar da ta ce a sake katifar yara ka ce kasuwa ba daɗi. Yanzu duk abin da ka taɓa gaya mata na kuɗi sai ta sake auna shi. Ka shafa wa maganar fila ka fesa fenti, ga shi ta tsage.

Kada ka fara da sayo mata leshi, za ta karɓa kuma ba za ta huce ba. Ka zauna da ita bayan yara sun yi barci, ka faɗi adadin gaba ɗaya har da kuɗin ɗauko motar daga Zariya, har da wanda babu rasit ɗinsa. Ka ce ka yi kuskure, ka tsaya nan, kada ka biyo shi da "amma ai kuɗina ne". Eh, kuɗinka ne, kuma ba a ce sai ka nemi izini kafin ka kashe ba. Ƙaryar ce ba ka da hurumin yi. In ta yi faɗa ka saurara. Bayan nan, ba a daren ba, ka ba ta labarin motar, irin wanda ka ba ni a layi biyu: da ita ya ciyar da mu, da ita ya sa mu makaranta. Ina zargin ba ka taɓa gaya mata haka ba, ka bar ta tana ganin tsohon ƙarfe kawai ke cinye mata miji.

Sannan ku yanka wa motar kasonta na wata, bayan cefane, kuɗin makaranta, da abin da ake tarawa na haya, tun da mai gida a Legas shekara yake karɓa kuma ba ya jin labarin Fijo. Jarin albasa haramun ne ga motar nan. Ka fi ni sanin yadda farashi ke yi, yau buhu ya yi sama, gobe sabuwa ta shigo ya faɗo, wanda ya taɓa uwar kuɗi a lokacin daɗi shi ke neman bashi a lokacin tsanani. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta duk abin da ya shiga motar, ka ajiye shi inda hannunta zai kai. Watan da kason ya ƙare, aiki ya tsaya. In ta ce a dakata wata uku a farfaɗo, ka dakata. Motar da ta jira shekara 9 ba za ta gudu ba, in dai ka samo mata inuwa da busasshen wuri, ka ɗaga ta a kan bulo, ka rufe ta da abin da iska ke ratsawa. Leda kam a'a, gumi take tarawa.

Ka kuma cire wa ranka cewa kuɗin nan zai dawo. Ba zai dawo ba. Ko ta fi amarya kyau, da wuya ka sayar da ita abin da ka zuba. Ga shan mai, tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 kowa ya san abin da lita take yi wa aljihu, kuma injin kafireto ba ya tausayi a cunkoso. Motar Asabar da Lahadi ce da ranar Sallah. Za a zo maka da maganar mayar da ita mai iskar gas. Ana iya yi, amma tukunyar za ta cinye bayan motar, kuma in za ka yi sai a cibiyar da hukuma ta amince da ita. Tukunyar da aka haɗa da walda a bayan layi ita ta fashe a wani gidan gas a Benin a Oktoban 2024. Ni dai da zan bar ta a fetur ɗinta.

Takardu kuma kada ka bari sai ranar fita. Launin da ke rubuce ya dace da wanda ke jikinta, lambar injin ma haka, wani dalilin ke nan na barin injin Baba a mazauninsa. Inshorar dole ta ƙananan motoci ta koma naira dubu 15 tun Janairun 2023, takardar lafiyar mota kuma a Legas sai an kai ta cibiyar gwaji an ɗora ta a na'ura an duba birki da fitilu da hayaƙi.

Kafin mai kushin ya taɓa cikinta, ka buɗe aljihun dashbod da kanka, ka laluba ƙarƙashin kujerar direba da bayan abin tare rana. Direbobin da ba sa rasa ajiya a nan, tsohon lasin, carbi, ɗan littafin da ake rubuta lodi. Abin da ka samu ka kai wa mahaifiyarku ko ƙanwar nan taka idan ka je Zariya.

Ranar da ta tashi kuma, kada zumuɗi ya hau da kai gadar Third Mainland, kilomita kusan 12 ce babu inuwar tsayawa. Ka zaga cikin unguwa da sassafe, idonka a kan allurar zafi, galan ɗin ruwa da abin kashe gobara a baya, uwargida a gidan gaba in ta yarda ta shiga. Ka rubuto mini abin da mayen ƙarfen ya gaya maka ranar Asabar.